Jagora Ga Mai Son Zama Masanin Bincike Kan Kiɗa, Lafiya Da Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2008 mujallar Brain ta buga sakamakon binciken da Teppo Särkämö da abokan aikinsa suka yi a Helsinki, babban birnin Finlan, a kan mutum 60 da suka kamu da shanyewar ɓarin jiki. An raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu suna sauraron kiɗa da waƙoƙin da suka zaɓa da kansu kullum har wata biyu, wasu suna sauraron littattafan da aka karanta aka naɗa a faifai, sauran kuma ba a ƙara musu komai a kan jinyar da kowa yake samu ba. Da aka auna su daga baya, sai aka tarar masu sauraron kiɗa sun fi sauran farfaɗowa wajen riƙe kalmomi a ka da tattara hankali wuri guda. Abin da ya kamata mai sha'awar wannan fage ya lura da shi a nan shi ne yawan hannayen da aikin ya ci, domin akwai likitocin jijiyoyi, da masu awon tunani da ƙwaƙwalwa, da masu jinya da kiɗa, da masu karanta hoton ƙwaƙwalwa, kuma kowannensu an kira shi ne saboda abu ɗaya da ya iya sosai. Son kiɗa yana iya kawo mutum bakin ƙofa, amma abin da yake ba shi kujera a ciki shi ne ƙwarewa guda mai ƙarfi da tambaya guda mai iyaka. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ka san wane aiki kake nema, sannan ka zaɓi ƙofar shiga

Ayyuka biyu ne ake yawan cakuɗawa. Akwai mai jinya da kiɗa, wanda yake zama da majinyata kamar yadda mai gashin ƙashi yake zama da su, kuma a ƙasashen da aka tsara sana'ar sai ya yi horo na musamman ya sami rajista kafin ya taɓa kowa. A Ingila da Afirka ta Kudu hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista ce take yi masa, kuma Jami'ar Pretoria tana bayar da digiri na biyu a wannan sana'a. Akwai kuma mai bincike, wanda aikinsa shi ne ya gano ko abin yana aiki, ga wa yake aiki, kuma ta wace hanya. Wasu suna haɗa biyun, amma jagorar nan ta mai bincike ce, wanda zai yi rayuwarsa tsakanin aji, ɗakin gwaji da asibiti.

Ba a cika samun digirin farko mai suna kiɗa da ƙwaƙwalwa ba, kuma wannan ba matsala ba ce, domin manyan fagen ma ta ƙofofi daban-daban suka shigo. Robert Zatorre na Jami'ar McGill ya karanci kiɗa da ilimin halayyar ɗan'adam tare, Gottfried Schlaug likitan jijiyoyi ne, Peter Vuust na Aarhus a Danmak makaɗin jaz ne da ya karanci lissafi. Ga ɗalibin da ke Kano ko Zariya ko Maiduguri ko Yamai, ƙofofin da suka fi kusa su ne likitanci, gashin ƙashi, aikin jinya, ilimin gaɓoɓi da aikin jiki, ilimin halayyar ɗan'adam, kimiyyar harshe, injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta. A ganina mai gashin ƙashi da mai kimiyyar harshe sun fi kowa sa'a a wannan yanki, na farko saboda majinyata suna zuwa gare shi kullum kuma yana da ma'aunai a hannunsa, na biyu saboda ya riga ya saba da auna sauti da karin murya. Wanda ya fito daga sashen Hausa ya nazarci waƙar baka shi ma yana da hanya, matuƙar ya yarda zai koyi ƙididdiga daga tushe.

Mataki na biyu: kayan aikin da za ka koya tun kafin a tambaye ka

Ƙididdiga ita ce ta farko, kuma ba irin wadda ake haddacewa don cin jarrabawa ba. Sai ka fahimci dalilin da ya sa binciken mutum goma sha biyu yake iya nuna babban tasiri wanda zai ɓace idan aka maimaita shi da mutum ɗari biyu, ka iya lissafa yawan mutanen da gwaji yake bukata kafin a fara shi, ka kuma iya sarrafa bayanan da aka auna mutum ɗaya sau da yawa. Ka koyi R ko Python, wato harsunan kwamfuta da ake sarrafa bayanai da su, ɗaya daga ciki ya isa a farko, dukansu kuwa kyauta ne. Daga nan sai manhajojin sauti: Audacity don yankawa da daidaita ƙarfin sauti, Praat don auna tashi da saukar murya, PsychoPy don shirya gwajin da kwamfuta za ta kunna sauti ta kuma ƙidaya lokacin da mutum ya danna maɓalli. Duk waɗannan suna aiki a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka.

Wanda yake son aikin ƙwaƙwalwa kai tsaye ba sai ya jira ya ga na'ura da idonsa ba. Rumbun OpenNeuro yana ɗauke da bayanan EEG (naɗin motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake ɗorawa a kai) da na MRI (hoton cikin ƙwaƙwalwa) da masu bincike suka ajiye don kowa ya sauke, kuma manhajojin nazarin EEG irin su MNE da EEGLAB suna da darussa mataki-mataki. Ɗalibin da ya sauke bayanan wani binciken da aka buga, ya sake nazarinsu har ya fito da zanen da ke cikin takardar, ya riga ya mallaki abin da zai nuna wa duk wani farfesa a duniya. Neuromatch Academy tana yin kwas ta intanet kowace shekara a kan lissafin ƙwaƙwalwa, ƙungiyar TReND in Africa da ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, suna shirya makarantun horo na gajeren lokaci a jami'o'in Afirka, cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu ma tana horar da matasa a kimiyyar ƙwaƙwalwa.

Shin dole ne mai bincike ya iya kiɗa? Ba dole ba ne ya zama gwani, amma dole kunnensa ya buɗe. Wanda bai iya bambance saurin bugu da tsarin bugu ba zai shirya gwajin da ya canza abu biyu a lokaci guda yana zaton ɗaya ya canza. Zama na wata shida a gaban mai kalangu ko mai gurmi, ana koyo da hannu, ya fi karatun babi goma amfani a wannan fuska.

Mataki na uku: ka karanta abin da ya tabbata, ka kuma karanta abin da ya rushe

Akwai ayyukan da kowa a fagen yake zaton ka sani. A 2001 Anne Blood da Zatorre suka nuna cewa lokacin da kiɗa ya sa tsigar jikin mutum ta tashi, sassan ƙwaƙwalwar da ke amsa abinci da sauran abubuwan jin daɗi ne suke motsawa, a 2011 kuma Valorie Salimpoor da abokan aikinta suka nuna sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi a ƙwaƙwalwa, yana fita tun mutum yana jiran wurin da yake so a waƙar, kafin ma a kai gare shi. Isabelle Peretz ta Jami'ar Montiriyal ta yi shekaru tana nazarin mutanen da aka haifa ba sa iya bambance karin waƙa alhali jinsu da maganarsu lafiya lau. Michael Thaut, tun a shekarun 1990 a Jami'ar Jihar Colorado, ya nuna cewa masu cutar Fakinson (mai sa karkarwa da nauyin motsi) da masu shanyewar ɓarin jiki suna gyara takunsu idan suna bin bugu mai tsari, saboda sassan ji da sassan motsi na ƙwaƙwalwa a haɗe suke sosai. A 2015 masu bincike a Leipzig suka nuna cewa wuraren da ke riƙe waƙoƙin da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer take jinkirin lalatawa, abin da ya yi daidai da yadda tsoho yake manta sunan jikansa amma ya rera waƙar ƙuruciyarsa daga farko har ƙarshe. A 2015 ɗin dai mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 a kan majinyatan tiyata, aka ga kiɗa yana rage zafi da fargaba da yawan maganin kashe zafi.

Amma darasin da ya fi tsada yana cikin labarin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai. A 1993 Frances Rauscher da abokan aikinta suka kunna wa ɗaliban jami'a 36 kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin juya siffofi a ka, kuma ribar ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Ba jarirai aka gwada ba, ba a kuma ce basira ta ƙaru har abada ba. Duk da haka labarin ya bazu har a 1998 gwamnan jihar Jojiya a Amurka ya nemi a ware kuɗi don raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Da aka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya, sai aka ga ɗan tasirin da ake samu na wartsakewa ne da jin daɗi, kuma duk abin da mutum yake so ya saurara yana iya kawo shi. Haka nan a 2017 wani babban gwaji da aka jagoranta daga Bergen a Norwe, da yara 364 masu lalurar otizim (wadda take shafar magana da mu'amala da mutane) a ƙasashe tara, bai sami bambanci ba a babban ma'aunin da aka sa a gaba tsakanin waɗanda aka yi wa jinya da kiɗa da waɗanda ba a yi wa ba. Masu binciken sun buga sakamakon yadda ya fito, kuma wannan shi ne halin da nake so ɗalibi ya ɗauka. Fagen nan yana jan mutanen da suka riga suka yi imani cewa kiɗa magani ne, jama'a ma suna son jin haka, saboda haka mai bincike yana bukatar ya fi kowa tsananta wa abin da zuciyarsa take so ya zama gaskiya.

Ka riƙa karanta takarda daga sashen hanyar bincike, ba daga taƙaitawar farko ba, kana tambayar mutum nawa ne, da me aka kwatanta su, wa ya yi awon, kuma ko ya san rukunin da kowa yake ciki.

Mataki na huɗu: ka matse tambayarka har ta zama wadda za a iya amsawa

A nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Taken da yake cewa tasirin kiɗa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba tambaya ba ce, sunan fage ne gaba ɗaya. Tambaya ita ce irin wannan: shin masu shanyewar ɓarin jiki da suka wuce wata shida da kamuwa suna ƙara saurin tafiya idan suka yi atisaye da bugun ganga na mako shida fiye da waɗanda suka yi atisaye iri ɗaya ba tare da bugu ba? A cikinta akwai su wane ne, me za a yi musu, da me za a kwatanta, me za a auna, kuma yaushe.

Mafi yawan abin da aka sani a wannan fage an samo shi ne daga mutanen Turai da Arewacin Amurka da kiɗansu, kuma manyan masu bincike sun san wannan gurbi ne. Shi ya sa Thomas Fritz ya tafi wurin 'yan ƙabilar Mafa a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, inda ya nuna a 2009 cewa mutanen da ba su saba da kiɗan Turawa ba suna gane farin ciki da baƙin ciki da tsoro a cikinsa fiye da abin da dace kawai zai bayar. A 2016 Josh McDermott ya tarar cewa 'yan ƙabilar Tsimane a Bolibiya ba su fifita haɗin sautin da kunnen Bature yake jin daɗinsa a kan wanda yake ƙi ba. Cecilia Durojaye ta auna yadda gangar dundun ta Yarabawa take kwaikwayon magana, ta buga a 2021. A Gambiya kuma shirin CHIME ya yi aiki da ƙungiyoyin mata na Kanyeleng, waɗanda dama al'adarsu ce yin waƙa a taruka, don rage damuwa ga mata masu ciki a asibitocin awo. Abin da ya sa wannan shiri ya burge ni shi ne ba a shigo da kiɗan waje ba, an gina shi ne a kan matan da al'umma ta riga ta amince da su.

Ƙasar Hausa cike take da irin waɗannan tambayoyi, kuma wanda ya tashi a cikinta ya fi baƙo sanin inda zai taɓa. Ga misali guda da ya cancanci kundin digiri na uku. A 1973 wasu masu bincike uku, Albert da Sparks da Helm, suka ɓullo da wata hanya a Boston ta taimaka wa waɗanda maganarsu ta ɗauke bayan shanyewar jiki: mai jinya yana rera gajeriyar jimla a kan murya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana buga hannun hagu na majinyacin a kan kowace gaɓa, har a hankali a janye rerawar a bar magana. An tsara hanyar ne a kan Ingilishi, inda murya take hawa a gaɓar da aka ƙarfafa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka ko faɗuwa, ga kuma bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wanda duk mai nazarin waƙa ya san shi ne ƙashin bayan karinta. Idan aka ɗora jimlar Hausa a kan rerawar da ta saɓa wa karin kalmominta, ana iya koya wa majinyaci furucin da ba na Hausa ba. Yadda za a daidaita hanyar da harshen, da gwada ko tana taimakawa, aiki ne da sai mai kimiyyar harshe da mai gyaran magana da likitan jijiyoyi sun haɗa kai. Kusa da wannan akwai kalangu, wanda makaɗi yake matsa tsirkiyarsa ya bi hawa da saukar magana har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi, da gangar noma da take daidaita saran fartanya a wurin gayya, da waƙoƙin raino da na niƙa da na daɓe. Wani babban bincike ta intanet da aka buga a 2023, da mutum kusan rabin miliyan masu harsuna 54, ya nuna masu harsunan karin sauti sun fi iya bambance rerawa, alhali sun ɗan gaza sauran wajen gane bugu. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa za su ba ka sunayen kayan kiɗa da rabe-rabensu yadda ba za ka kira kotso da sunan taushi ba.

Wani abu kuma da ba a tsallake shi: a cikin majinyatanmu akwai waɗanda ba sa sauraron kayan kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma hakkinsu ne. Mai bincike ya tambaya tun farko, ya tanadi zaɓi kamar waƙa da murya zalla, ko tafi, ko bugun na'ura marar rerawa. Idan bincikensa ya shafi sauraron karatun Alƙur'ani, ya ware shi a matsayinsa na daban, kada ya jera shi a cikin nau'o'in kiɗa a takardar neman yarda ko a rahotonsa.

Mataki na biyar: digiri na biyu da neman malamin da zai duba aikinka

Wuraren da suka yi suna a fagen sanannu ne: Goldsmiths a Landan mai digiri na biyu a kan kiɗa da tunani da ƙwaƙwalwa, cibiyar BRAMS da Peretz da Zatorre suka kafa a Montiriyal a 2005, Jami'ar McMaster da ta Toronto a Kanada, cibiyar Vuust a Aarhus, jami'o'in Helsinki da Jyväskylä, da cibiyoyin Max Planck a Leipzig da Frankfurt. Amma digiri na biyu a gida, a gashin ƙashi ko ilimin halayyar ɗan'adam ko kiwon lafiyar al'umma, tare da kundi mai tsabta a kan ƙaramar tambaya, tsani ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi sauƙin kai mutum ga gurbin digiri na uku mai albashi.

Malami ake zaɓa kafin jami'a. Ka karanta takardunsa uku na baya-bayan nan, ka duba ko ɗalibansa suna fitowa a matsayin marubuta na farko, ka nemi wani tsohon ɗalibinsa ka tambaye shi yadda zaman ya kasance. Wasiƙar farko kada ta wuce sakin layi uku: wane ne kai da abin da ka iya yi da hannunka, wace takardarsa ka karanta da tambayar da ta tayar maka, sannan me kake da shi da ba shi da shi, kamar harshe, ko damar isa ga majinyata, ko dangantaka da makaɗa. Wasiƙar da aka rubuta wa mutum hamsin a lokaci guda ana gane ta daga layin farko.

Mataki na shida: bincikenka na farko

Kafin a taɓa ko mutum ɗaya sai an sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. A Najeriya kowane asibitin koyarwa yana da nasa, a ƙarƙashin dokokin kwamitin ƙasa na NHREC, kuma takardar neman yarda ta zama da Hausar da majinyaci zai fahimta, a karanta masa ita idan ba ya karatu. Gwajin jinya ana yi masa rajista a rumbun PACTR na Afirka kafin a ɗauki mutum na farko, sauran bincike kuma ana iya ajiye tsarinsu a shafin intanet na OSF, domin kada daga baya mutum ya canza ma'auni ya bi inda sakamako ya yi daɗi.

A ɗauki gwajin tafiya a matsayin misali, domin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ana auna mita goma a barandar sashen gashi, a manna tef a ƙasa, a bar 'yar tazara kafin layin farko da bayan na ƙarshe don kada tashi da tsayawa su shiga lissafi. Majinyaci ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, wani yana gefensa don kada ya faɗi, a ƙidaya takunsa da daƙiƙoƙin da ya ɗauka, a fitar da yawan taku a minti. Idan ya fito 80, sai a saita bugun a kan 80 har ƙafarsa ta kama shi, sannan a ƙara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari. Wanda zai yi awon ƙarshe ya zama bai san rukunin da majinyacin yake ba, tunda shi majinyacin ba yadda za a ɓoye masa cewa yana jin ganga. Rukunin kwatanci kuma su sami mintuna iri ɗaya da kulawa iri ɗaya, in ba haka ba abin da za ka auna shi ne amfanin samun mai kula da kai, ba amfanin bugu ba. Ka rubuta komai game da sautin: wane kiɗa, wa ya zaɓa, saurinsa, ƙarfinsa, ta lasifika ko ta abin kunne, minti nawa. Takardu da yawa sun rasa daraja saboda kawai sun ce an kunna kiɗa mai kwantar da hankali. Ka kiyaye kunnuwan mutane, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarfin sauti a desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, ka kuma tambayi masu farfaɗiya ko wani sauti yana tayar musu da ita, domin akwai nau'in da kiɗa yake tayarwa, ko da yake ba shi da yawa.

Ga wanda zai yi aiki da na'ura, EEG ta fi dacewa da kiɗa da kuma aljihunmu, saboda tana kama abin da ke faruwa cikin ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, alhali fMRI, nau'in MRI mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, tana bin jinin da yake isa wurin bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida, ga tsada, ga ƙarar da ta kan wuce desibel 100. Sai dai wutar lantarkinmu tana zuba hayaniya mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa cikin bayanan, janareta kuma ya fi muni, don haka a yi naɗin da batir, a cire cajar kwamfuta, a kashe fanka. Hular EEG an ƙera ta ne don gashi mai santsi, kuma wannan ya sa aka daɗe ana cire baƙaƙen fata daga bincike a ƙasashen waje, har masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera wayoyin da ke zama a tsagar kitso. Ka yi shawara da mai kitso a kan tsagar da za ta bi layin wayoyin, ka tanadi ɗaki mai sirri da mace mai taimakawa ga matan da za su cire ɗankwali, da ruwa da tawul na wanke man da ake shafawa.

Mataki na bakwai: digiri na uku, kuɗi da bugawa

A Ingila digiri na uku yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, a Amurka biyar zuwa shida tare da kwasa-kwasai, a Danmak da Norwe da Holan kuwa aiki ne da ake tallatawa a biya albashi. Hanyoyin tallafi sun haɗa da Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da TETFund ga wanda ya riga ya zama malamin jami'ar gwamnati. Kuɗin fagen kansa ya ƙaru tun da cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ware dala miliyan 20 a 2019 don bincike kan kiɗa da lafiya, a shekarar da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton Daisy Fancourt da Saoirse Finn da ya duba bincike sama da 3,000 kan fasaha da lafiya. Duk da haka, mai neman tallafi a Afirka ya fi samun shiga idan ya gabatar da kansa a matsayin mai binciken shanyewar jiki ko cutar mantuwa ko lafiyar mata masu ciki wanda kiɗa yake cikin kayan aikinsa. Idan za a yi haɗin gwiwa da jami'ar waje, a rubuta tun farko wa zai riƙe bayanan, wa zai zama marubuci na farko, kuma me makaɗan da aka naɗi kiɗansu za su samu.

Takarda biyu a mujallun da masana fagen suke karantawa, irin su Music Perception ko Psychology of Music ko mujallun farfaɗo da majinyata, sun fi goma a mujallun da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da tantancewa ba. Ka kai aikinka taron ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Najeriya da na SONA ta Afirka, sannan ka nemi tallafin zuwa ICMPC, babban taron duniya kan yadda ake ji da fahimtar kiɗa, ko taron da Gidauniyar Mariani ta Italiya take shiryawa kan kiɗa da ƙwaƙwalwa.

Mataki na takwas: kafa naka wurin

Bayan digiri na uku, shekara biyu ko uku a ɗakin binciken wani malami daban suna ba mutum hanya ta biyu ta aiki da abokan da zai nemi tallafi da su. Wanda ya dawo jami'ar gida zai tarar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da aikin jarrabawa, da kwamitoci, kuma hawa daga ƙaramin malami zuwa babban malami zuwa farfesa yana tafiya ne da takardun da aka buga. Ka ware rana ɗaya a mako wadda ba a taɓawa, ka ɗaura ayyukan ɗalibanka na ƙarshen shekara a kan tambaya guda ta yadda kowane rukuni zai ɗora a kan na bara, maimakon kowa ya kama nasa take. Kayan farawa ba su da yawa: kwamfuta ɗaya, abin kunne mai kyau guda biyu, na'urar auna ƙarfin sauti, rakoda, batir mai inbata, da ɗakin da ba ya kallon titi. Sai yarjejeniya a rubuce da sashe ɗaya na asibitin koyarwa, mai sunan likita ko mai gashin da zai riƙa turo majinyata, da ranar asibitin da za a riƙa ganinsu, da wanda zai ajiye makullin kabad ɗin da takardun yardarsu suke ciki.